Guɗar Inna Tabawa a Bututun Famfo

Shekara bakwai ke nan da kafa turakun shanye ƙara a unguwar. Duk muryar da ta ɗaga, a iska suke haɗiye ta. Da matar ɗanta ta haihu, Inna Tabawa ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa, ko kaza ba ta waiwayo ba.

"Inna, ki haƙura," in ji ɗanta Ɗanlami.

"Iska suka tsare, ba ƙarfe ba," in ji Tabawa.

Ta ɗauki taɓarya ta hau dukan bututun famfo. Nan da nan mata suka cika gidan: "Barka! A famfonmu muka ji!"

Jaririn yana ta tsala kuka, babu mai ji. Tabawa ta kara kunnenta a ƙirjinsa.

"Yi abinka, maigidana. Ni ina jin ka."