Idon Dama

"Ki ƙone su, na ce! So kike duniya ta san ni na dake ki?" in ji mijin.

Tun da matar ta fara koyon sassaƙa hoto a katako, ta shafa tawada ta danna a takarda, fuska ɗaya take bugawa: tata, da kumburarren ido. Sai dai katako munafuki ne, juya abu yake. Na hagu mijin ya fasa, a takarda na dama ya fito.

Ai sai ya kirawo uwarsa ta ja mata kunne. Tsohuwa ta shigo tana kumfar baki, ta ɗaga kai ta ga takardun shanye a igiya.

Ta shafa mataccen idonta na dama, wanda kullum take cewa itace ne ya tsone shi.

"'Yar nan, wa ya gaya miki? Ko shi bai san aikin ubansa ne ba."

Mijin ya dubi uwarsa, ya dubi igiyar. Ya fice, ya bugo ƙofa har takardun suka kaɗa.