Gangaren da Awaki Suka Aske

Wutar daji ta cika kwazazzabo tana hawowa gari, jirgin saman da ke zubo ruwan teku kuwa ya kasa shiga tsakanin duwatsun. Shugaban 'yan kwana-kwana ya tarar da wata tsohuwa a ƙofar gidanta, na ƙarshe a bakin gangare, tana kurɓar gahawa.

"Iya, tashi mu tafi. Tiyonmu bai kai can ƙasa ba."

"Kai dai tsare gefen coci, ɗan nan. Ta nan wutar ba za ta wuce itacen zaitun ɗin can ba."

Magajin gari ya iso yana haki. Shi ne bara ya kai ta ƙara, wai awakinta sun aske gangaren tas, sun ɓata wa baƙi kallo.

"Taurin kai zai kashe ki," in ji shi.

Wutar ta iso zaitun ɗin da ruri. Gabanta ba ciyawa, ba ƙirare, sai dutse da kashin awaki. Ta lashi ƙasa, ta lashi ƙasa, ta mutu.

Tsohuwar ta ajiye kofinta, ta dubi magajin gari.

"Na ga ciyawar bayan gidanka ta kai ƙugu. Ƙarfe nawa zan kawo su?"