Kofin Shayin Mai Sito

Kofin shayi ya fara tafiya da shi gida. Ya naɗe shi a tsohuwar jarida, ya tura ƙasan jaka, ya wuce maigadi yana ɗingishi yana waige-waige kamar ɓarawo, alhali kofinsa ne, shi ya saya.

Mai Sito ake ce masa a kamfanin, domin ya yi shekaru makullan ɗakin ajiyar kaya suna rataye a ƙugunsa. Sai babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye, ya yi watanni a kwance. Da ya dawo, ya tarar da makullan a ƙugun Dogo, mutumin da aka ɗauka ya riƙe wurin kafin ya warke. Ba wanda ya ce Dogo ya miƙa su, ba wanda ya ce ya tafi. Magana kuma ta zagaye ko'ina, har bakin masu shara: ciniki ya ja baya, mai kamfani ya ce sito ɗaya ba ya buƙatar mutum biyu.

Manaja ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa kujera mai laushi. "Ka zauna ka huta, kada ka ɗaga komai." Mai Sito ya yi godiya ya zauna. Ya san irin wannan hutun. Shi aka ba tsohon direba kafin a sallame shi. Ranar da direban ya fito da kayansa a kwali, gindin kwalin ya ɓalle a tsakiyar harabar, silifas da cokali da maganin ciwon baya suka watse, kowa yana leƙe ta taga.

"Komai za a yi mini a yi, ban da kwali," ya ce wa matarsa.

"Baban yara, ka tambayi Manaja mana. Ai baki ne da kai."

"In tambaye shi me? In tuna masa abin da wataƙila ya manta?"

Ta ci gaba da ninke kayan makarantar yara. Gidan nan kaf a kan albashin nan yake tsaye, su biyun sun sani.

Bayan kofi sai rediyo. Bayan rediyo sai ƙaramar fanka, da matashin da yake jingina bayansa, da hoton 'yar autarsa. Kullum abu ɗaya, don kada a lura. Wani yammaci ya ɗaga kai ya ga Manaja tsaye a taga yana kallonsa, wayar fanka na leƙowa daga jaka. Ya tura ta ciki, ya ƙara sauri iyakar abin da ƙafar ta yarda.

Ko'ina ya duba sai ya ga alama. Kafinta ya zo ya kafa ƙarfen dafawa a matakalar sito, Mai Sito ya ce a ransa, an fara yi wa sabon mai wuri kwalliya ke nan, ko da yake Dogo bibbiyu yake tsallake matakalar. Dogon ma ya daina cin abincin rana, sai ya laɓe bayan buhuna yana waya ƙasa-ƙasa, idan suka haɗa ido ya sunkuyar da kai. Kunyar cin amana ce, in ji Mai Sito.

Duk da haka bai yarda a ce ya tafi da mugunta ba. Ya zaunar da Dogo ya koya masa komai: kusurwar da ke yoyo idan an yi ruwa, kwaɗon da sai an ɗaga ƙofa yake buɗuwa, mai kawo kayan da ba a sa masa hannu sai an buɗe kwali an gani. Abin da ya tara a shekaru ya juye masa tas.

Ya fara neman izini da sunan ganin likita, yana fita cikin riga mai guga, yana zagaya kamfanoni. Ko'ina sai a dubi sandarsa kafin a dubi fuskarsa, a ce za a neme shi. Ya dawo ya zauna a kujera mai laushi, tsoro ya cika shi. Waje ba a son sa, ciki ba a ce masa komai, tambaya kuma ta fi ƙarfin bakinsa.

Sau ɗaya Manaja ya tsaya a gaban teburinsa, ya dubi ƙusar da hoto yake rataye a da, ya ce, "Mai Sito, babu abin da kake so ka faɗa mini?"

"Babu, Yallaɓai. Lafiya ƙalau."

Ranar da aka kira shi ofis, teburinsa wayam yake, ko biro babu. Ya hau bene a hankali, yana ɗan jin daɗin abu ɗaya: shi dai ba zai ɗauki kwali ba.

Manaja ya taso ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yana murmushin wanda aka yi wa ba daidai ba amma ya yafe.

"Haba Mai Sito, duk zaman da muka yi, ka samu wani aikin ka ɓoye mini? Ai kai muka ce za mu riƙe, tun kafin ka dawo aka gaya wa Dogo ya fara neman wuri, ƙarfen matakala ma don ƙafarka na sa aka kafa. To da na ga kana kwashe kayanka ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa wa Dogo komai, kana fita da riga mai guga, na gane nauyina kake ji, shi ya sa jiya na sauƙaƙa maka, na ce wa mai kamfani a tabbatar da Dogo tunda kai tafiya za ka yi."