Yau Ka Gane Aikin

Ƙwallo ta faɗa raga a minti na tamanin, fili ya kaure da ihu, mai sharhin kuwa ya ce "Ta shiga," ya yi shiru.

Shekara goma ke nan da aka ɗauko shi daga rediyo zuwa talabijin, kullum furodusa na yi masa faɗa a kunne: "Malam, suna gani fa! Ina ruwanka da launin riga?" Bai taɓa dainawa ba. Sai ya faɗi ƙafar da aka buga da ita, da gefen da inuwa ta rufe, har da gumin mai tsaron gida. Yayansa, wanda ya koya masa ƙwallo kafin ya makance, yana gida ya kasa kunne. Ana tashi zai kira: "Kai aku, yau ka ɓoye mini rabin wasa."

Ranar Talata aka binne shi.

"Yauwa, Malam!" in ji furodusa. "Yau ka gane aikin."

Ya ajiye wayarsa kan tebur. Har masu shara suka gama da kujerun filin, ita yake kallo.