Gwajin Wata Ɗaya a Shagon Kofi

"Za ka iya tashi tun gari bai waye ba?" mai shagon ta tambayi mutumin, tun bai gama kaɗe dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarsa ba.

Masu haɗa mata kofi biyu sun ajiye aiki rana ɗaya, ga layi kullum har bakin titi, don haka ba ta da lokacin gaisuwa. Ta dai yi mamakin ganin mai neman aikin da kwat da furfura.

"Tun da matata ta rasu ba na wani barcin kirki," in ji shi.

"Madalla. In aka daka maka tsawa fa?"

"Haƙuri nake bayarwa, ko ni ke da gaskiya."

"Wanke-wanke da goge-goge?"

"Duk zan yi, in dai za a zauna lafiya."

Hankalinta ya kwanta. Ta ce za ta gwada shi wata ɗaya, in bai yi mata ba ta nemi wani. Ya share ƙwalla, ya ce ƙanwarsa da ta haɗa su don maganar aure ta gaya masa matar da zai gani ba ta da ɓoye-ɓoye, amma bai zaci abin ya kai haka ba. Sannan ya zaro fure daga cikin kwat.

Ta waiga a hankali. A teburin baya, wata mata da ta ci kwalliya tana tambayar saurayin da ya zo neman aikin abin da yake nema a wurin mace, shi kuma yana ta gumi yana rantsuwa ya iya zana zuciya da kumfar madara a saman kofi.