Ranar da Sanusi Ya Ce "Tu"

Shekara biyu suna karatun Faransanci a jami'ar Sakkwato, Sanusi bai taɓa ce wa Taiba "tu", wato ke, ba. Kullum "vous", irin "ku" ta girmama baƙo. Yau ya biyo ta har Talata Mafara, bakin hanyar ruwan Bakolori, don jibi za ta wuce Yamai ƙaro karatu.

"Vous…" ya fara.

Ta harare shi tana danne murmushi. "Wai mu nawa kake gani nan, Malam Sanusi?"

Ya dubi ruwa, ya dube ta. "Ke ɗai. Tu."

Ta gyara mayafi. "To, Baba na gida. Shi kam, vous za ka ce mishi."