Ƙara ta Biyar Daga Gidan Abincin Rahimah

Ƙarfe ɗaya na rana Zaiton ta tsayar da motar ofis a ƙofar gidan abincin Rahimah. Tun safe take zagaya garin Kuantan da littafin tara na duba-gari, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Ƙara ta biyar ke nan cikin wata guda daga wuri ɗaya: wani na busa sigarin lantarki a ciki, inda doka ta hana.

Ba ta tambayi kowa ba. Tsohon na nan a teburin da ke kallon ƙofa, cikin riga mai sabuwar guga, kofin shayi biyu a gabansa. Yana ganinta ya kai sigarin lantarkin baki ya zuƙa, tari ya sarƙe shi har da hawaye.

Rahimah ta taso daga bayan tukunyar shinkafa. "'Yar'uwa, ni dai na gaji. Na nuna masa allon hana shan taba, wai idonsa ba ya gani. Mutumin da a da ko warin taba ba ya so!"

Zaiton ta buɗe littafi a tsaye. Ta rubuta suna da lambar katinsa na shaida, shi kuwa ko aljihu bai taɓa ba.

"Ranki ya daɗe, shayin zai huce," in ji shi. "Ki zauna ko minti biyu ne."

"Ina bakin aiki, Malam Hamdan."

"Kin rame."

"Sa hannu a nan."

Ya karɓi biron, ya yi ta jan harafi ɗaya ɗaya kamar mai koyon rubutu.

"Kuɗin fanshonka za su ƙare a tara," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "In aka sake, sai kotu."

Ya ɗago. "A kotun, ke za ki zo shaida?"

Ta yage takardar, ta ajiye kusa da kofin, ta fita.

Cikin mota ta kifa kai a sitiyari, ta daɗe a haka. Sannan ta jawo takardar ƙorafi don rufe rahoto. Duk kira biyar ɗin daga lamba ɗaya suka fito, kuma ta san ta da ka. Lambar mahaifinta ce, Hamdan, wadda ta daina ɗauka shekara shida ke nan, tun ranar da ya tafi ya bar mahaifiyarta a gadon asibiti.